Ƙaguwar da Ke Aljihun Gerlando

Ranar da Gerlando ya rasu, matarsa Alfonsa ce ta sa masa kaya da hannunta. Ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba sai ƙanwarta Crocifissa, wadda ta tallafe kafaɗunsa lokacin da za a zura masa kwat. Baƙar kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsu ce, yanzu ta yi masa yawa. Da suka gama ɗaure masa takalmi, Crocifissa ta ce, "Saura na aljihu."

A garinsu ba a rufe akwatin gawa sai an sa wa mamaci sile ɗaya a aljihu, na hanya, wato guzurin tafiyarsa. Fadan cocinsu ba ya son abin, amma yakan kau da kai. Alfonsa ta ce wa ƙanwarta ta je ta duba ko an lulluɓe madubin falo. Da Crocifissa ta fita, sai Alfonsa ta juya wajen ƙaramin teburin da ke gefen gado. Akwai 'yan sulallan lira a cikin wani kofi, canjin burodi. Ba su ta kalla ba. Idonta yana kan wani ƙaramin sile na azurfa da ke kwance a kan koren ƙyalle, gefe ɗaya gaggafa, ɗaya gefen ƙaguwa.

Shekara arba'in da uku suna tare, kuma duk tsawonsu Gerlando yana tara tsofaffin sulalla na Girkawa da Rumawa, waɗanda aka buga a tsibirin nan nasu na Sisili tun kafin haihuwar Almasihu. Yana da akwatin katako mai siraran aljihuna goma sha biyu. Kowane sile da ɗan raminsa, a ƙarƙashinsa kuma da 'yar takarda mai rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Da rana yana gidan waya yana rarraba wasiƙu. Da ya dawo ya ci taliyarsa, sai ya jawo kujera kusa da taga, ya ɗauki gilashinsa mai ƙara girman abu, shi ke nan ya bar duniya. Alfonsa ba ta taɓa kiran su da sunansu ba. Marufan kwalba take ce musu.

A yammacin da zai rasu ta kawo masa romon kaza. Kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba. Ta same shi jingine da matashi, gilashi a hannu ɗaya, silen azurfar a ɗaya.

"Fonsa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "zo ki ji. Wannan ƙaguwar..."

"Ƙaguwa!" ta ce. "Mutum yana mutuwa, wai ƙaguwa! Shekara arba'in ina tsaye a bakin ƙofar nan da kwano a hannu. Ka taɓa ɗaga kai ka dube ni kamar yadda kake duban wannan ƙarfe? Ga shi ka bar romon ya huce."

Ta ɗauke kwanon ta koma kicin don ta ɗumama. Ba ta yi sauri ba. Da gangan ta tsaya ta wanke tukunya biyu. Da ta dawo, gilashin ya faɗi a kan bargo, kansa ya karkata wajen taga.

Shi ya sa yanzu ta miƙa hannu ta ɗauki silen, ta zura shi a aljihun ƙirjin kwat ɗin, ta shafa aljihun ya kwanta.

"To ga ƙaguwarka," ta ce. "Tafi da ita."

Ko fushi ne, ko ƙauna ce, ita kanta ba za ta iya cewa ba. Washegari aka liƙe akwatin da dalma, aka tura shi cikin ramin bangon maƙabarta, layi na huɗu, magini ya jera bulo ya shafe da siminti.

Wata guda bayan nan, da aka fito daga addu'ar kwana talatin, Baldassare mai aski ya biyo ta gida. Tsoho ne mai shekara saba'in da takwas, abokin Gerlando tun suna makaranta. Shi ya riƙe 'yarsu ranar baftisma, tun daga lokacin take kiran sa kumpari, shi kuma yana kiran ta kumari, kuma a wajensu wannan ya fi zumuncin jini nauyi. A shagonsa masu tara sulalla suke taruwa kowace Lahadi bayan coci, su biyar, kowa da kujerarsa.

Ta dafa masa kofi. Ya sha, ya yaba, ya yi ta jujjuya hularsa a kan gwiwa.

"Kumari, kin san ni, ba na son damun mai takaba. Amma akwai wani ɗan abu nawa a wurin marigayi. Ƙaramin sile ne, azurfa, mai ƙaguwa."

Alfonsa ta ajiye kofinta a hankali.

"Naka?"

"Nawa. Na kakana ne ma. Babana ya ɗinke shi a gefen rigarsa ya tafi haƙar kwal a Beljiyam, shekara goma sha ɗaya, ya sha yunwa bai sayar ba. Kin san yadda muke yi, in ɗayanmu yana son ya duba silen wani da kyau, sai ya ara, mako guda. Ba shaida, ba sa hannu. Mai shi dai ya rubuta sunan wanda ya ara da fensir a 'yar takardar da ke ramin. Shekara arba'in ja'irin nan yana roƙo na wannan ƙaguwa ina hana shi. Da na ga ya kwanta, na ce to, riƙe ta, ta ɗebe maka kewa." Ya share ido da bayan hannu. "Ranar da zai tafi, da safe, ya kira ni a waya. Ya ce, Baldo, na gaji, zan ba Fonsa ta kawo maka."

Sai ta ji kamar an janye ƙasa daga ƙarƙashin kujerarta. Ashe abin da yake son faɗa ke nan. Zo ki ji, wannan ƙaguwar, ki kai wa Baldassare. Da sauran numfashinsa yana ƙoƙarin mayar da amana, ita kuma ta katse shi ta tafi wanke tukunya.

Abu ne mai sauƙin faɗa, tana cikin aljihunsa, ni na sa. Amma in ta faɗa, zai tambaye ta, bai gaya miki ba? Sai kuma ta faɗi yadda ta yi masa tsawa, da yadda ya mutu shi kaɗai. Ko Crocifissa ba ta sani ba. Kowa a gari yana cewa a hannunta ya cika.

"Bai ce mini komai ba," ta ce. "Ban gan ta ba."

"To mu duba," in ji shi. "Kin san shi da ajiya kamar ɓera."

Suka duba. Ta jawo aljihunan nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa. Suka zazzage takalma, suka girgiza littattafai. Daga nan tsohon ya dafa bakin gado ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa yana leƙen ƙarƙashi. Ita ce ma ta riƙe masa tocila. Tana kallon sanƙon kansa, tana jin yadda yake nishi, bakinta ya ƙi buɗewa. Da zai tashi sai da ta kama hannunsa.

"Kada ki damu, kumari," ya ce. "Za ta fito."

Mako biyu suka wuce. Wata safiya Crocifissa ta shigo da kwandon wake, ta zauna suna ɓarewa, ba ta ko cire gyale ba ta fara.

"Ke dai kina nan a kulle kamar kaza mai kwanci, gari kuwa ya ɗauka. Kin tuna mutumin arewan nan mai farar mota, wanda ya zo wajen mijinki sau biyu da sanyi?"

"Mai sayen sulalla. Gerlando ya kore shi."

"To Furofesa Onofrio, ɗaya daga cikin masu taruwa a shagon Baldassare, ya ce bai kore shi ba. Ya ce Gerlando ya yi masa waya daga baya, ya sayar masa da ƙaguwar Baldassare. Wannan mai baki kamar almakashi! Shekara talatin yana koyar da yara, bai koyi rufe bakinsa ba. A gaban mai sayar da kifi ya faɗa, har da rantsuwa."

"Baldassare fa?"

"Da farko ya kusa marin sa. Yanzu ya yi shiru. Sun fitar da kujerar."

Hannun Alfonsa ya tsaya a kan wake. Ta san abin da wannan yake nufi, don Gerlando ya sha gaya mata, ko da ba ta saurara sosai ba. In ɗayansu ya mutu, kujerarsa tana nan a wurinta, da gilashinsa a kai, ba mai zama. In kuwa ɗayansu ya ci amanar aro, ko ya sayar wa ɗan'uwa jabu, sai a fitar da kujerarsa waje, ko yana raye ko ya mutu. Sau ɗaya tak aka taɓa yi, kuma har yau jikokin mutumin ba sa bin layin shagon.

"Ke kuma kin yi fari kamar alli," in ji Crocifissa. "Je ki ja musu kunne mana! Mijinki da ko tambarin wasiƙa ɗaya bai taɓa ɗaukowa gida ba. Da nawa ne, da tuni na kwance wa Furofesa haƙoran roba."

Alfonsa ta ce kanta yana ciwo.

Da yamma ta hau zuwa maƙabarta da furanni. Layi na huɗu ya fi ƙarfin tsawonta, sai ta jawo tsanin ƙarfen da ake ajiyewa a wurin, ta hau taki uku. An riga an kafa dutsen, da hotonsa a tsakiya, yana wannan ɗan murmushin nasa na mutumin da ba ya son a ɗauke shi hoto. Ta dafa dutsen daidai inda take zaton ƙirjinsa yake.

"Me ya sa ba ka ɗaga murya ba?" ta ce. "Ko sau ɗaya a rayuwarka, ka ce mini yi shiru, mace, ina magana."

Ta canza ruwan furannin ta sauko.

Ranar Lahadi bayan coci ta bi ta layin shagon. Ga kujerar nan a gefen titi, jingine da bango, kujerar kaba mai ƙafa ɗaya da Gerlando ya ɗaure da waya da hannunsa. An shanya tawul ɗin aski biyu a bayanta. Ta wuce ba ta tsaya ba, har ta kai gida tana jin kamar duk tagogin layin suna kallon ƙeyarta. A makon nan mai burodi ya riƙa yi mata magana a hankali kamar marar lafiya. 'Yarta ta kira daga birnin Torino tana kuka, wai wata ta rubuto mata, Mama, da gaske ne Baba ya yi haka? Alfonsa ta ce ƙarya ne, ta ajiye wayar.

Lahadin da ta biyo baya an yi ruwa da safe. Kujerar tana nan a waje, kabar ta jiƙe ta yi baƙi. Alfonsa ta tsaya a gabanta. Sannan ta ɗaga labulen ƙofar shagon ta shiga.

Mata ba sa shiga wurin. Tsofaffi huɗu suna zaune kewaye da tebur mai koren ƙyalle, kawunansu a haɗe a kan wani kwabon tagulla, suna musu ko hancin sarkin da ke kai na uban ne ko na ɗan. Da suka gan ta cikin baƙaƙen kaya, musun ya mutu. Furofesa Onofrio ne ya fara miƙewa, siriri, da tabarau a ƙarshen hanci.

"Donna Alfonsa, in gyaran gashi ne, kin yi kuskuren ƙofa."

"Zauna, Furofesa," ta ce. "Ka yi magana isasshiya a wajen mai kifi."

Ɗaya daga cikin sauran ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baldassare bai yi dariya ba.

"Kumari, me ya faru?"

Ta shirya maganar tun daga gida, amma duk ta watse. Sai ta faɗe ta yadda ta zo.

"Gerlando bai sayar da komai ba. Ƙaguwar tana aljihunsa. Ni na sa masa, na hanya. Ban san taka ce ba."

Ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Na hanya!" Furofesa ya ɗaga hannuwa sama. "Silen da aka buga shekara ɗari huɗu da wani abu kafin Almasihu! Lira ɗari ta ƙare ne a gidanku, baiwar Allah?"

"Onofrio, rufe mana baki," in ji Baldassare, bai ko kalle shi ba. Idonsa yana kan Alfonsa. "Ba ki sani ba, na yarda. Amma da na zo gidanki ai kin sani. Kuma shi ya ce zai gaya miki. Gerlando bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba."

Wannan ce maganar da ta yi makonni tana gudu. Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Ya fara gaya mini. Ni na hana shi ƙarasawa. Na yi masa tsawa, na ce ya fi son ƙarfe da ni. Na tafi kicin na bar shi, na daɗe da gangan. Da na dawo ya cika. Ba a hannuna ya mutu ba, kamar yadda na bari ake cewa. Shi kaɗai ya mutu, da ƙaguwarka a hannu, yana jira na dawo ya ba ni saƙo. Kunya ce ta hana ni faɗa. Na zaɓi a ce da shi ɓarawo da a ce da ni wannan."

Ba wanda ya kalle ta. Furofesa ya cire tabarau yana gogewa, kunnuwansa sun yi ja. Can ya ce, a hankali wannan karon, "Ana iya neman izini a buɗe. Takardu ne, wata shida ko bakwai, in iyali sun sa hannu."

"Zan sa," in ji Alfonsa. "Ko kuma, kumpari, ka zo ka zaɓi duk wanda kake so a akwatinsa. Ka ɗauki akwatin ma gaba ɗaya."

"Tumatir ne, da za a musanya?" Baldassare ya ce. "Kuma ba wanda zai fasa wa Gerlando bango ya laluba masa aljihu kamar ɗan sane. Ba da raina ba."

Ya tashi da ƙyar, ya shiga ɗakin ciki, ya fito da siririn aljihun katako irin na Gerlando. Rami ɗaya a tsakiya ba kowa, sai 'yar takarda da ta tsufa ta yi ruwan ƙasa. Alfonsa ta ga inda aka goge wani rubutu da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya lasa bakinsa.

"Wane layi?"

"Na huɗu. Lamba ashirin da bakwai."

"Wane aljihu?"

"Na ƙirji. Hagu."

"A nannaɗe, ko haka nan?"

"Haka nan."

Furofesa ya yi wani nishi kamar an taka masa ƙafa.

"Azurfa ce," in ji Baldassare. "Ta jure Rumawa, ta jure Beljiyam, za ta jure Gerlando." Ya rubuta a hankali, yana karantawa a fili: "Aro, a wurin Gerlando. Layi na huɗu." Ya mayar da takardar cikin ramin. "Shekara arba'in yana bi na. Ga shi ja'irin ya samu, kuma ba ranar dawowa."

Sauran biyun suka yi 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Alfonsa ta ɗan ji numfashinta ya dawo. Amma Baldassare bai gama ba.

"Na so in mutu da ita a hannuna, kamar babana. Wannan ya wuce, ba komai, tana wurin mutumin kirki. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne kin riƙe mini tocila. Kina tsaye ina rarrafe a ƙasa. Kuma kin bar ni na goge sunan abokina da hannuna, na kwana ina zagin sa a zuciya, shi kuwa yana kwance ba bakin kare kansa."

"Haka ne," ta ce.

Ta juya za ta ɗauko kujerar, ya tare ta da hannu.

"Bari. Ni na fitar da ita."

Ya fita cikin yayyafi, ya yaye tawul ɗin ya jefar, ya kinkimo kujerar yana ɗingishi. Furofesa ya yi wuf ya kama ƙafa ɗaya, ba wanda ya ce ya kama. Suka ajiye ta a wurinta kusa da taga, ruwa yana ɗiga daga kabar.

"Gobe zan je wajen mai kifi," in ji Furofesa, yana kallon ƙasa.

"Ka je da safe, lokacin da mata suka cika," in ji Baldassare. Sannan ya ɗaga wa Alfonsa labulen ƙofa. "Ki aiko da gilashinsa, a ɗora a kai. Sai an jima, Donna Alfonsa."

Ta ji sunan sarai. Sunan girmamawa ne irin wanda bare ke kiran ta da shi; shekara talatin da takwas bai kira ta da komai ba sai kumari.

Gilashin ba ta aika ba, ita ta kai da kanta washegari, a nannaɗe cikin koren ƙyallen, ta miƙa daga bakin ƙofa. Kafin mako ya zagayo duk gari ya san Gerlando bai ci amana ba, kuma duk gari ya san yadda ya mutu. Crocifissa ta yi kwana goma ba ta leƙo ba, sannan ta dawo da kwandon wake, suka zauna suna ɓarewa.

Baldassare ya ƙara shekara huɗu a duniya. Duk Lahadi in ta fito daga coci takan bi ta layin shagon, ta ga kujerar ta taga, da gilashin a kai. In yana bakin ƙofa sai ya ɗaga hula ya ce, "Donna Alfonsa." Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Don Baldassare," ta wuce.